Da Sauƙi

Yayana Zubairu ya faɗi ne a lambunsa na Watari, wata ranar Talata, da kwandon tumatir a kansa. Waɗanda ke kusa suka ɗauka santsi ne ya kwashe shi, har wani ya yi masa dariya daga nesa. Da suka ga bai tashi ba suka zo, suka tarar bakinsa ya karkace, yana ta ƙoƙarin tattara tumatirin da hannu ɗaya. Ni ina makarantar firamaren ƙauyenmu ina fama da 'yan aji huɗu aka zo aka kira ni. A asibitin Bici aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, aka tura mu Kano. Bayan sati biyar muka dawo da shi gida. Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo ko da yake yana ɗan jan ta, amma hannun dama yana nan rataye kamar ba a jikinsa yake ba.

Da hannun hagu ne ya shanye, da yau ba ni da wani labarin da zan bayar.

A ƙofar gidanmu akwai tsohuwar darbejiya, a gindinta ake ciyayya tun zamanin mahaifinmu. Da an idar da magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a jera, a cinye na wannan a koma na wancan. Mu bakwai ne, kuma Yaya ne babba. Shi ke buɗe kwanon farko, shi ke fara sa hannu, kuma daga ƙamshi kawai yakan gane miyar gidan wa ce. Wanda ya fi shan tsiya a wurinsa shi ne maƙwabcinmu Ɗan'auta, wanda miyar kukar gidansa kullum kamar an tsame ta daga rijiya take. Shekara talatin Yaya bai taɓa fashin wurin nan ba sai da tafiya.

Tun da muka dawo daga Kano bai sake fitowa ba. Matarsa Hure takan kai masa tuwo ɗaki, ta ajiye ta fita, ta ja masa ƙyaure, don ba ya yarda ko ita ta ga yana ci da hagu. Limaminmu, Malam Abdussalam, ya zo har sau uku yana yi masa bayanin cewa mai larura ba shi da laifi. Kowane zuwa Yaya yakan saurara da ladabi, ya ce ya sani, ya yi godiya, ya ci gaba da zamansa a ɗaki.

Ni na san dalili, don ni ne dalilin. Bahago aka haife ni. Mahaifinmu ya rasu ina da shekara shida, Yaya ne ya riƙe ni, kuma damina guda cur ya yi yana ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da tsumma duk lokacin cin abinci. Na yi kuka, na yi zuciya na ƙi ci, bai saurara mini ba. Har yau da hagu nake rubutu a allon aji, amma ban taɓa kai loma baki da shi ba. Shekara arba'in Yaya yana ba da labarin nan a gindin darbejiya, yana nuna ni yana cewa shi ya gyara Sha'aban. To mutumin da ya yi wannan ba zai zauna cikin mutum bakwai ya tsoma hagu a kwano ba. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: hannun nan ya tashi daga kwano ya kai baki. Bai nemi fartanya ba, bai nemi garma ba.

A asibitin Kano an ce yana bukatar gashi sau uku a sati, wato motsa hannun da koya masa aiki daga farko. Daga ƙauyenmu zuwa Kano sau uku a sati da majinyaci, wannan zance ne na mutanen da ba su taɓa hawa hanyarmu ba. Muna cikin haka likitar gashin, wata matashiya mai suna Khaulat, ta kira ni ta ce akwai wani shiri na gwaji don irin su Yaya, waɗanda ke nesa. Za a ba mu aron na'ura ta sati goma sha biyu, ya riƙa yin gashin a gida, ita kuma tana kallon yadda abin ke tafiya daga Kano. Ta gaya mini gaskiya ba ta rage ba. Ta ce watannin farko bayan faɗuwa su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo, idan suka wuce abin yakan yi wuya ƙwarai.

Ranar da aka yi ruwan shuka na ɗauko na'urar a bayan babur, cikin baƙin akwati. Wasu sanduna ne marasa nauyi da ake ɗaura wa mutum daga kafaɗa zuwa wuyan hannu da maɗaurai, da ƙananan injina a gwiwar hannu da kafaɗa. Idan mutum ya yi yunƙurin ɗaga hannu, ko da kaɗan ne, sai ta ji, ta ƙarasa masa. Tana haɗe da wayata, wayar kuma tana aika komai Kano. Ɗan'auta na ganinta ya sa mata suna sulke, ya ce yanzu Zubairu saura doki da mashi. Sunan ya bi ta.

Ba zan manta da safiyar farko ba. Na ɗaura masa, na danna, sai muryar wata mata ta fito daga wayar, murya mai daɗi da natsuwa. Ta yi sallama, ta ce, “Ina kwana? Yaya jiki?”

Yaya ya gyara zama ya ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Sai ta ce ya gwada ɗaga hannu. Ya cije leɓe ya yunƙura, injin ya yi 'yar ƙara, hannun da ya yi wata biyu a mace ya tashi a hankali har ya kai daidai ƙirjinsa. Hure da ke tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi ta juya. Yaya ya daɗe yana kallon hannun a sama, sannan ya tambaye ni yaushe gero zai nuna bana. Na ce in Allah ya yarda nan da wata uku da 'yan kwanaki. Ya ce to a gaya wa mutanen darbejiya tuwon sabon gero da shi za a ci.

A Kano Khaulat ta yi mini bayanin na'urar kusan awa guda, rabi da Hausa rabi da Turanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai irin na malamin makaranta da ba ya son a ga bai gane ba. Na tuna ta ce na'urar za ta riƙa tambayarsa kullum, idan akwai ciwo ya faɗa, za ta tsaya ta sanar da ita. Na ji wannan sarai. Na yi ta jiran ranar da za ta yi tambayar. Ban taɓa kawowa a raina cewa gaisuwar nan ta safe ita ce tambayar ba.

Daga baya na fahimci yadda aka tsara ta. Idan majinyaci ya ce da sauƙi, gobe sai ta rage taimakon da take ba shi, ta ƙara ɗaga hannun sama kaɗan. Idan ya ce akwai ciwo, sai ta koma baya. A Turanci tambaya ce ta gaske, mai neman amsa. Wani mai ilimi a wani ofis ya zauna ya mayar da ita Hausa, ya zaɓo kalmomin da suka fi taushi da ladabi, ya ce a ce yaya jiki. Allah ya yafe masa, ni dai har yanzu ban iya ba. Mutumin da aka gaishe shi da jiki a ƙasar nan, ko ana haƙa kabarinsa ne, amsa ɗaya gare shi.

Sati uku na farko lafiya lau. Akwai wani koren layi a fuskar wayar da ke hawa kullum, ni kuma na mayar da shi abin tunƙaho. Da magariba sai in fito da wayar a gindin darbejiya in zagaya da ita, kowa ya leƙa ya ce masha Allahu. Ɗan'auta ya ce zai sa matarsa ta fara koyon miya tun yanzu. Duk ranar Alhamis Khaulat takan kira mu ta bidiyo. Yaya yakan sa babbar riga da hula don ganin likita, mu fita bakin rumbu inda sabis ya fi kamawa. Hoton yakan tsaya, murya ta yanke, ta dawo. Takan ce, “Baba, yaya jiki?” ya ba ta amsar da yake ba na'urar, ta duba lambobinta ta ce ai kuwa ta gani, yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari. Majinyata arba'in gare ta a ƙauyuka, daga Dawakin Tofa har bayan Bici, kowa minti biyar.

A sati na biyar Hure ta tare ni a tsakar gida. Ta ce Yaya ba ya iya kwanciya ta ɓarin dama, kuma idan tana sa masa riga gumi yakan keto masa. Na shiga na tambaye shi. Ya harare ni ya ce tun da nake na taɓa ganin ɗorin da ba zafi? Ya ce ciwon shi ne alamar hannun yana farkawa, kuma kada in kuskura in gaya wa yarinyar nan ta Kano, ta zo ta karɓe sulken ta ba wani. Na fito na ce wa Hure ta kwantar da hankalinta, haka gashi yake. Ta dube ni, ta koma kan surfenta.

Gaskiyar magana ita ce na yarda da shi ne don ina so in yarda. Koren layin yana hawa, ni kuma na riga na cika baki a gaban mutane.

Kullum da safe ni nake ɗaura masa. Ina ji muryar matar nan ta gaishe shi, ina ji ya amsa. Da farko amsar takan fito da ƙarfi. Daga baya sai ya zama yakan ja numfashi tukuna. A sati na takwas sai da na'urar ta maimaita gaisuwar sau biyu kafin ya iya buɗe baki, kuma ko a ranar bai canja amsa ba. Hannun yana tashi har ya wuce kafaɗa, jijiyoyin wuyansa suna miƙewa, yana kallon rufin ɗaki yana salati a hankali. Ina tsaye a kansa da waya a hannu ina ƙirga masa, saura uku, saura biyu.

Ranar Litinin ta sati na tara, a ɗagawa ta shida, na ji wani ɗan sauti daga kafaɗarsa, irin na karan dawa idan an taka shi. Yaya bai yi ihu ba. Ya dai sulale daga kan kujera, na tare shi. Da na kwance maɗauran na zame masa riga, sai na ga abin da babbar riga ta yi sati huɗu tana rufewa. Kafaɗar ta kumbura ta yi sheƙi, kuma akwai wani rami a samanta da yatsu biyu za su shiga.

A Kano aka ɗauki hoto. Jijiyoyin da ke riƙe kafaɗar sun yage, ƙashin ya zame daga gurbinsa. Aka ce ba ranar abin ya fara ba, ya daɗe yana ci a hankali. Za a naɗe hannun a jikinsa, ba motsi, na sama da wata guda.

Khaulat ta kira ni ofishinta. Ta ce ba ta gane ba, na'urar ba ta taɓa aiko mata da ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta buɗe kwamfuta ta nemo amsoshinsa, don ashe duk ana ajiye su, ta kunna. Muka zauna muna jin muryar Yaya, safiya bayan safiya. Da sauƙi, alhamdulillahi. Da sauƙi, alhamdulillahi. Sau hamsin da bakwai. Wanda ya karanta a rubuce zai ga abu ɗaya ne aka maimaita. Mai kunne kuwa yana jin yadda mutum ke ƙarewa. Ba ta kai ƙarshe ba ta kashe.

Sai ta buɗe na sauran majinyatan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Cikin arba'in, mutum biyu ne kawai suka taɓa cewa akwai ciwo.

“Ranar da mahaifina zai rasu,” in ji ta, “na tambaye shi da safe. Haka ya ce mini.” Ta share fuska da gefen hijabinta. “Ni Bahaushiya ce, Malam Sha'aban. Da bakina na yi ta yi masa tambayar nan duk Alhamis. Ni ya kamata in gane.”

Ban ba ta haƙuri ba, don ni nake ɗaura masa kullum, ba ni da bakin ba kowa haƙuri. Na tambaye ta abu ɗaya: idan kafaɗar ta warke, za a iya komawa? Ta ce za a gwada. Na ce ta gaya mini kamar yadda ta gaya mini a farko. Ta ce kafin lokacin watannin da ta faɗa mini sun wuce, kuma hannun da aka naɗe ba ya motsi yakan ƙage. Ta ce zai yi wuya ya kai baki. A ranar ta kira sauran ƙauyukan ta ce kowa ya dakata, kuma na ji daga baya an canja tambayar, yanzu sai an ce mutum ya nuna inda ke masa zafi. Na yi wa waɗanda za su zo bayanmu murna, amma ba sosai ba.

Na mayar da baƙin akwatin da kaina. Yaya bai tambayi inda sulken ya tafi ba. Ya koma ɗaki, Hure ta koma jan ƙyaure. Da aka kwance naɗin, yatsun sun riga sun dunƙule cikin tafin hannu, sai Hure ta buɗe su da ƙarfi take iya wanke tsakaninsu. Na daina fitowa da waya a gindin darbejiya, kuma ba wanda ya tambaye ni koren layi.

Gero ya nuna, ya yi kyau kuwa, abin haushi. Ranar da aka fara tuƙa sabo, na shirya abin da na ɗauka dabara ce. Na shiga na ce wa Yaya mutane suna son ganinsa, ba sai ya ci ba, ya zo dai ya zauna ya buɗe mana kwano. Ya ƙi, na nace, na haɗa shi da darajar mahaifinmu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a miƙo masa hula.

Da ya fito kowa ya miƙe. Aka gyara masa wurinsa na da, jikin saiwar nan da yake jingina. Ɗan'auta ya turo kwanonsa gaba ya ce a fara da nasa, yau miyar har da nama. Yaya ya sunkuya ya shaƙa, ya ce naman dai ya biyo ta kusa da tukunyar ya wuce. Aka yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Ya buɗe kwanon da hagu, ya ce bismillah, ya janye hannunsa ya ajiye a cinya.

Sai na wanke hannuna na hagu, a gaban kowa, na kai shi cikin kwanon. Na gutsuro tuwo, na dangwali miya. Shekara arba'in rabon hannun nan da kwano, amma bai manta ba, har ya fi na daman iyawa. Nufina idan ya ga ni na fara, kuma ba wanda ya mutu, zai sa nasa. Malam Abdussalam ya gane, na ga ya fara nannaɗe hannun rigarsa na hagu shi ma.

Lomar ba ta kai bakina ba. Yaya ya kai wa wuyan hannuna duka da hannunsa mai lafiya, tuwon ya faɗi ƙasa.

“Dama,” in ji shi. “Ban koya maka ba?”

Na ce, “Yaya, don Allah.”

“Abu ɗaya na gyara a duniya da hannuna ya tsaya. Shi ma so kake ka ɓata mini?”

Ya dafa saiwar ya miƙe. Na tashi zan riƙe shi ya ture ni. Muna kallo ya ja ƙafarsa ya shige zaure, hannun dama na lilo a gefensa. Ba wanda ya iya ci bayan nan, kowa ya rufe kwanonsa ya mayar gida. Bai sake fitowa ba, yau shekara ɗaya da wata biyu, kuma mu ma da muke bakwai yanzu da ƙyar mutum huɗu suke haɗuwa.

Washegarin ranar da ya ture ni, kafin in tafi makaranta, na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Na yi alkawari a raina ba zan ƙara yi masa tambayar nan ba har abada. Na yi sallama ya amsa, na ce ina kwana ya ce lafiya lau. Sai na tsaya ina laluben abin da ƙane zai ce wa yayansa marar lafiya da safe. Ni malamin makaranta ne, Hausa nake koyarwa. Na duba iya sanina ban samo wata ba, shi kuma yana zaune a bakin gado yana jira, don ba a yanke gaisuwa a tsakiya.

Na ce, “Yaya jiki?”

Ya gyara hannun a kan cinyarsa da ɗaya hannun, ya ce da sauƙi.